Gefenta na Kwanon Tuwo

'Yar farina ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso. “Ke” nake ce mata, ta kuma san da ita nake. Ban taɓa zaunar da ita na ce ina ƙaunarta ba. Abin da kunya ta hana bakina faɗa, a kwano nake zuba mata shi.

Haihuwarta ta biyu ce ta kawo ni garin Upper Marlboro a Amurka, inda take aikin jinya. Na yi mata jego irin na gida: kunun kanwa, gasasshen nama da yaji, tuwo da man shanu. A Zariya roƙona ake yi in yi wa 'ya'yan mutane jego, balle tawa. Ta murje, wuyanta ya cika. Kwano ɗaya muke ci a ƙasa, a falo, mijinta na can kan tebur da cokalinsa.

Muna cikin ci muke kallon wata gasa a talabijin. Masu ƙiba ne aka tara, ana sa su gudu har su yi amai, ana daka musu tsawa kamar sun yi sata. Daga nan a hau da su wani ƙaton sikeli, ciki a waje. Ba na jin Turanci. Na ga wata ta hau ta fashe da kuka.

Na ce, “Allah sarki, ciwo ya cinye baiwar Allah.”

“Inna, murna take yi. Ta ragu.”

“Murnar rama? A garinmu in mace ta zube haka, mijinta ake kira ya yi bayani.”

Ta yi dariya, amma ta janye hannunta daga kwanon.

Ba a jima ba ta sayo ɗan sikelinta na kicin. Ta auna ƙirjin kaza, ta auna ganye, ta ci a tsaye. Ta ce likita ya ce sukarinta ya hau. Ban yi musu ba. Na rage mai, na koma tuwon alkama. Ta ce, “Inna, ki ci kawai.” Ta rame ƙwarai. A wani taron suna a garin Manassas ƙawayenta suka yi ta yaba ta. Wata tsohuwa kuwa ta ja ni gefe ta ce, “Hajiya, kina gidan, yarinya ta koma haka?”

Shekaru suka wuce, ƙibar ta dawo mata da kaɗan-kaɗan, har ta fi ta da. Wata rana aka nuno waɗanda suka taɓa cin gasar. Akwai wani mai koriyar riga da na sha yi wa fatan nasara. Ya dawo kamar bai taɓa zuwa ba, idonsa a ƙasa.

Na ce, “Ba wannan ne ya ci ba? To ina wahalar ta tafi?”

“Ba ta zama, Inna. Jikin ne ke mayar da abinsa.” Ta kashe talabijin.

A raina na ce to, yanzu za ta dawo kwanonmu. Washegari na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka, na rufe. La'asar na ji motarta. Na leƙa ta taga. Tana zaune a ciki, tana cin wani abu daga jakar takarda, da sauri, tana waige-waige. Ta goge baki, ta cusa takardar ƙarƙashin kujera. 'Yata, da na ciyar da hannuna, tana ɓuya ta ci abinci a ƙofar gidanta.

Ta shigo da sallama. “Sannu da gida, Inna. Yau ba na jin yunwa.”

Sunanta ya zo har bakina.

“Ke,” na ce.

“Na'am, Inna?”

“Ba komai. Ja ƙofar, akwai sanyi.”

Har yau na mutum biyu nake zubawa. In ci gefena, in rufe nata.