Lallen Kawu a Garwa

Jiya ƙanshin furen lalle ya tuna mini da kawuna. A gidanmu na haya a unguwar Diobu, can Kudu, lokacin da Turawa ke shirin tafiya, bai yarda ya shuka komai a ƙasa ba, sai a garwar kananzir. Bana yakuwa, baɗi zogale, can daga baya lalle.

Wata rana mai gidan ya leƙo yana ta yabawa. Yana fita Kawu ya raka shi da harara.

"Jira yake lallen ya girma ya tashe mu," ya ce mini. "Kama garwar mu mayar bayan ɗaki."

Ba a tashe mu ba. Da Kawu ya rasu muka zo ɗaga garwar ta ƙi, saiwa ta fasa gindinta ta kama ƙasa. Allah ya ba Kawu lambun da babu mai tashinsa.