Ya Ce Ya Rage Mata Nauyi

Sana'ata turara shinkafa. Tun ina amarya nake kai buhu inji, kuma ban taɓa kai buhu ya dawo mini yadda na kai shi ba. Mai inji ya ce ɓuntu ne ya tafi, ko ya ce danshi ne ya fita. Ni kuwa hannuna sikeli ne, ina ɗaga buhu na san an taɓa shi. Shi ya sa duk wanda ya ce mini ya rage wa kayana nauyi, to ya gama faɗa mini abin da ya aikata.

Boko da furfura na yi shi. Sai da na aurar da 'ya'yana, saura auta, sannan na shiga ajin manya a nan Haɗejiya. Da muka kai ga darasin kwamfuta, ƙanena da ya yi ritaya ya aiko mini da tsohuwar laftof ɗinsa, baƙa, gefenta ɗaya a tsage, batirinta ba ya jure komai sai an jona ta da wuta. A cikinta na tarar da wasan gina gari. Ka ja titi, ka yanka filaye, gidaje su tsiro, ka kai musu ruwa da wuta da makaranta da asibiti. Ga kogi ya ratsa filin.

Kada a yi mini dariya. Ni da ruwa ya ci ƙauyenmu na fadama, aka fito da mu a kwalekwale da tukwanena a ka, na san abin da ake nufi da gari. Nawa a kan tudu na kafa shi, na bar wa kogin hanyarsa, ban yarda ko rumfa ta sauka bakin ruwa ba. Makaranta na fara ginawa kafin kasuwa.

Lokacin da garin yake ƙarami lafiya lau muke. Da ya fara cika sai kwamfutar ta fara ja da baya. Motoci su tsaya cak a tsakiyar titi, su zabura, su sake tsayawa. Fankar cikinta ta dinga huci kamar injin ban-ruwa da ya shaƙi iska, ƙasanta ya yi zafin da zai gasa gurasa. Sai in danna a yi titi, in tashi in juya shinkafar da na shanya a tsakar gida, in kori kaji, in dawo titin bai gama fitowa ba.

A lokacin akwai mai neman auta. Ita tana koyarwa a wata firamare a Malam Madori, kullum ta tafi ta dawo. Shi kuma mutumin Kafin Hausa ne, yana da shagon gyaran waya da kwamfuta a kasuwa. Malam, maigidana, ya yi bincikensa ya ce ya gamsu, amma ba zai ba magabatan yaron ranar zuwa ba sai na ce to. Ni ban ce to ba, ban ce a'a ba. Mutumin da yake buɗe cikin kayan mutane a bayan idonsu, ina ganin sai an yi masa kallo biyu.

Auta ce ta ce, "Inna, ki kawo in kai masa ya duba miki. Wannan hucin nata har maƙwabta suna ji."

"Maƙwabta sun kawo ƙara ne?"

"Ke dai kawo."

Na ba ta, amma sai da na kifa ta na ɗiga jan farce a kan ƙusoshin ƙasanta, yadda nake yi wa bakin buhu alama.

Da ta dawo na kunna. Kai, ta yi sauri! Motoci suna gudu ba tsayawa. Har na fara murmushi, sai idona ya sauka a kan garin. Bishiyoyin da na jera a bakin titi sun koma kamar tsinken tsintsiya. Gidaje ba inuwa. Kogin da yake motsi yana ƙyalli ya zama shuɗin leda an shimfiɗa. Mutanen da suke cika bakin makarantata kuwa sai ɗaiɗai, kamar an yi annoba.

Na ce, "Ke, me aka yi wa garina?"

"Ya ce ya rage mata nauyi. Ya cire wasu abubuwa."

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Eh mana."

Na kifa ta. Jan farcen ya fashe a kan kowace ƙusa. Na ɗaga ta a tafin hannu, na sauke, na sake ɗagawa. Wallahi hannuna ya ce mini ta rage.

"Ya buɗe cikinta. Me ya ɗauka?"

Auta ta kira shi a waya a gabana, ta saurara, ta juyo tana danne dariya. "Ya ce ɓuntu ne. Wai ɓuntun shinkafarki ne ya toshe fankar."

Ɓuntu! Duk maganar da ke duniya ya rasa wadda zai faɗa mini sai ta mai inji.

Ranar ko tuwon kirki ban ci ba. Malam ya ce, "Ke dai ba kya rabo da zargi. Yaro ya yi miki gyara kyauta."

Na ce, "Kyautar ce ta fi ba ni tsoro. Mai inji ma dariya yake yi mini."

Ga inda abin ya ɗaure ni. Ni mace ce mai faɗa wa mutum magana a idonsa, duk unguwa an sani. Amma wannan mai neman 'yata ne. Ko gaisuwa ya zo, daga zaure yake durƙusawa, ni ina bayan labule in amsa a taƙaice in shige. Yana jin nauyina, ina jin nauyinsa. Yaya zan tsare shi in ce fito da abin da ka ɗauka? Na yi kwanaki ina juya abin. In kunna kwamfutar in ga garin yana gudu tsirara, in kashe. Na kai ta ajinmu na nuna wa malamarmu, ta ce ita rubutu da lissafi ta sani a kwamfuta, ba ta san cikinta ba. Na yi tunanin kai ta wani shagon, sai na tuna duk layinsu ɗaya, shayi ɗaya suke sha.

Kuma ba ƙarfen ne kaɗai yake cina ba. Kalmar ce. Na san ta tun ina yarinya. Da aka zo rubuta yara makaranta a ƙauyenmu, kawuna cewa ya yi a rage mini nauyi, ga tallan nono ga boko, ina zan kai. Ba wanda ya tambaye ni wanne zan ajiye. Na ga kuma matan da aka aura suna aiki, bayan biki miji ya ce ya tausaya musu, hanya da nisa, a huta. Auta kullum tana kan hanyar Malam Madori. Wanda ya share mini bishiyoyi don mota ta yi gudu bai tambaye ni ba, me zai share mata?

Wata Juma'a bayan la'asar na ce ta kira shi ya zo da kayan aikinsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, auta ta zauna a bakin ƙofa, ni ina bayan labule.

Na ce, "Gaya masa duk abin da ya cire ya mayar."

"Inna ta ce..."

"Na ji," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "A gaya wa Inna ba inda suka je. Kashe su na yi, suna nan."

"Gaya masa ni ban san kashewa ba. In gani a ƙasa."

Na ɗaga gefen labulen kaɗan. Ya shiga wani wuri a cikin wasan da ban taɓa shiga ba, ya dinga dannawa. Sai ga bishiyoyina da ganyensu. Ga inuwa. Kogin ya motsa. Bakin makaranta ya cika da mutane. Kafin in gama kallo fanka ta ɗauki huci, motoci suka tsaya cak.

Ya ce, "A gaya wa Inna garin ne ya yi mata yawa. Kowane mutum da kowace mota sai ta yi lissafinsu. Ta tsufa, ba za ta iya ɗaukar duka ba."

"Gaya masa ni ma haka aka ce mini da na shiga aji."

Auta ta tuntsire. Shi bai yi dariya ba, ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Saura ɓuntun," na ce.

Ya kwance ƙusoshin a gabanmu, ya ɗaga murfin, ya turo ta bakin labule. Ni ban san me ya kamata ya kasance a ciki ba balle in san abin da babu. Amma a jikin fankar ga sabon ɓuntu nan ya fara taruwa, nawa ne, na san launinsa. Ya sa ɗan buroshi ya share shi a takarda, ya naɗe, ya miƙa wa auta.

"A ba Inna kayanta."

Ban sani ba ko ladabi ne ko tsokana. Har yau ban sani ba. Amma tunda nake, ba mai injin da ya taɓa miƙo mini ɓuntuna.

Sai ya ƙara da cewa, "Laifina ɗaya, ban tambaya ba. Na ɗauka saurin ake so."

A nan ne na ajiye kunya. Ban ce gaya masa ba. Na ce, "Kai. Ita wannan da ke zaune, in ka ga hanyar Malam Madori ta yi mata nauyi, rage mata za ka yi?"

Auta ta ja mayafi ta rufe fuska tana cewa, "Haba Inna, haba Inna."

Ya tattara ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunsa. Da ya yi saurin amsawa da na kore shi. Can ya ce, "Sai abin da ta ce."

"Za ka maimaita a gaban magabatanka da nata?"

"Zan maimaita."

Da Malam ya dawo daga masallaci na ce ya ba su rana, amma maganar aikin auta a faɗe ta da ƙarfi a gaban kowa, kada a bar ta a zaure. Ya ce ba a saba ba. Na ce a saba. Aka kuwa faɗa, ina ɗaki ina jiyowa, har wani baffan yaron ya yi tari.

Auta tana nan tana koyarwa. Ina lura. Ranar da duk ta ce mini ba ta je ba, sai na tambayi dalili, in kuma tambayi wanda ya kawo dalilin.

Garina na bar shi da bishiyoyinsa da inuwarsa, yana tafiyar hawainiya. In danna titi in je in juya shinkafa. Lokaci lokaci sirikin nawa yana aikowa a karɓi kwamfutar ya share mata fanka, ya dawo da ita da ɗan ƙunshin takarda a kai. Ina karɓa in gode. In ya fita sai in kifa ta in duba jan farce, in ɗaga ta a tafin hannu.