Tsaya, Yabo Tukuna

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Ishaya labari ya san irin wahalar da ake sha. Ka zo da gudu kana haki, ka buɗe baki, sai ya ɗaga maka hannu kamar mai ba da hannu a titi. "Tsaya. Yabo tukuna." Ya cire hula, ya rufe ido, ya ja waƙa. Sai ya kai ƙarshe zai ce, "To, faɗi." Haihuwa ce ko mutuwa, duk hanyar ɗaya ce. Hujjarsa ita ce Ubangiji ya riga kowa jin labarin. Wai idan ka jira sai ka ji ko mai daɗi ne kafin ka yabe shi, to ciniki kake yi da shi.

Waƙar ma tasa ce, ba ta cikin littafin kowa. "Kai ne Sarki, ni ba kowa ba. Kai ka san gobe, ni ko jiya ta ɓace mini." Iyakarta ke nan, sai ya yi ta juya ta har ya gaji. Muryar kuwa kun ji ta da kunnenku. Ba sai na ci mutuncin mamaci ba.

Ni ce Hannatu, 'yar ƙanwarsa, mai ɗingishin nan da ke zama a bencin baya. An ce in faɗi abin da na sani. Zan faɗa in zauna.

Shi ya ɗauko ni daga garinmu bayan haɗarin mota a hanyar Zariya. Mijina Bulus da 'yata Rahila ba su fito ba. Ni aka ciro da rai, aka sa mini ƙarfe a ƙafa. A lokacin ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, kuma waƙa nake yi a cikin motar sa'ad da taya ta fashe. Daga ranar na rufe bakina. Coci ina zuwa, don a wurin Kawu babu mai kwanciya ranar Lahadi. Amma yabo, a'a. Wanda ya ɗauke mini mutum biyu rana ɗaya, ban ga abin da zan faɗa masa ba.

Kawu ya samo mini aikin wanki da guga a gidan Alhajin da yake yi wa girki a Nassarawa GRA. Ranar da na sauke kayana ya ce, "Hannatu, ba zan mutu ba sai na sake jin muryarki."

Na ce, "To za ka daɗe, Kawu."

Ya ce, "Madalla."

Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne Malam Sule maigadi, mutumin Jigawa, bawan Allah da ba ya iya katse mai addu'a ko da wane addini ne. Wata rana Kawu ya ɗora ruwa a risho a ɗakinsa na baya, ya tafi kicin yankan albasa, ya manta. Sai ga Malam Sule a guje.

"Baba Ishaya, ɗakinka..."

"Tsaya. Yabo tukuna."

Malam Sule ya tsaya. Yana tsalle a wuri ɗaya, yana nuna wa mutumin da idonsa ke rufe hayaƙi. Ni ce na ja ƙafata da bokitin ruwan wanki na je na yi abin da ya samu. Ina dawowa na tarar an kai "To, faɗi."

Malam Sule ya ce, "Katifarka ce take ci da wuta. Amma yanzu ta gama."

Kawu ya mai da hularsa. Sannan ya ce, "Kuɗin cizon nan sun daɗe suna shan jinina. Ka ga Mai iko ya yi musu hukunci rana ɗaya." Ya koma kan albasarsa. A tabarma ya ƙare shekarar, yana gaya wa kowa bayansa bai taɓa jin daɗi haka ba.

Sai maganar kora. Alhaji ya yi manyan baƙi, suka iso da wuri. Hajiya ta aiko direba ya gaya wa Kawu a zuba abinci. Kun san abin da direba ya tarar. Kafin a gama yabo farfesu ya kama, ƙauri ya kai har falo. Da baƙi suka tafi, Alhaji ya sa aka kira shi. Ina guga a bayan taga, komai a kunnena.

"Ishaya, daga yau..."

"Tsaya, Alhaji. Yabo tukuna."

A tsakiyar falo, a kan kafet, ya ja waƙar daga farko har ƙarshe. Alhaji ya zauna yana kallon fanka.

"To, faɗi, ranka ya daɗe."

"Na sallame ka."

"Na gode."

Washegari Alhaji ya leƙa kicin, ga Kawu da ƙwai a hannu.

"Ba jiya na sallame ka ba?"

"Ka sallame ni, ranka ya daɗe. Na kai maganar gaban Ubangiji, ba a ba ni amsa ba tukuna. Soyayye ko dafaffe?"

Alhaji ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Soyayye."

Daga nan kora ta zama kamar gaisuwa a gidan. Hajiya kan tambaye ni, "Hannatu, yau an sallami Baba kuwa?" In ce, "Da saura, Hajiya, rana ba ta yi ba." Ranar da babbar 'yar gidan ta haihu, Alhaji da kansa ya zo ƙofar kicin ya harɗe hannu ya ce, "Ishaya, yi waƙar taka da sauri, ina da labari."

Ku na coci kuma kada ku yi dariya da yawa, kun sha naku. Kawu ba ya son addu'ar ba da umarni. Idan wani ya tashi yana ihu, "Ya Allah, yanzu-yanzu, yau ɗin nan," sai ya jira a tashi ya ja shi gefe. "Ɗana, a gidan da nake aiki ko direba ba a yi masa magana haka." Shi ya sa ba a cika ba shi addu'a ba. Amma shekarar da za a yi bikin godiya a fili a Badawa, hadari ya haɗu, Fasto ya yi kuskure ya ce dattijo Ishaya ya roƙa mana a riƙe ruwa.

Kawu ya miƙe. "Ya Ubangiji, sama taka ce, ƙasa taka ce. Fasto yana so kada a yi ruwa saboda kujerun haya. Manoman garinmu suna so a yi saboda dawa. Kai ka san wanda ya fi gaskiya a cikinsu. Amin."

Ba a gama amsa amin ba aka kece da ruwa. Mata suna gudu da kuloli a ka, Fasto ya jiƙe har littafinsa. Mutum ɗaya ne ya zo da lema a duk taron. Na ce, "Kawu, da lema ka zo addu'ar hana ruwa?" Ya ce, "Ai ni ban ce a hana ba."

Duk wannan ina kallo, bakina a rufe. Lokaci-lokaci yakan zo wajen igiyar shanya ya fara waƙarsa, ya tsaya a tsakiya, ko zan ƙarasa masa. In miƙa masa bakin zanin gado in ce ya riƙe. Shekaru muka yi a haka.

Sai ya fara ramewa. Alhaji ya kai shi asibiti, aka ba shi gado. Da rana likita ya ja ni waje ya ce ciwon ya yi nisa, gara a mai da shi gida ya huta. Ya ce ni ce tasa, ni zan gaya masa. Na shiga. Kawu ya dubi fuskata, ya ɗaga hannu.

"Tsaya."

Ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa, tari ya kama shi.

"Hannatu, ja mana."

"Ba na waƙa."

"Ni kuma ba na jin labari. Sai mu zauna."

Muka zauna. Na san shi, zai iya mutuwa a gadon nan bai ji ba. Can na ce, "Kai ka ce ba za ka mutu ba sai ka ji muryata. To ba za ka ji ba."

Ya kalle ni. Sai dariya, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

"Au, ashe ke ce kike riƙe da ni? Ni ina ta gode wa Ubangiji, ashe makullin yana hannun mai wanki."

"Kai ka faɗa."

"Ni na faɗa. Ni kuku ne, Hannatu. Ko farfesu ba ya jin maganata." Ya huta, ya kama hannuna. "Waƙarki ba ta fasa tayar nan ba. Shirunki kuma ba zai riƙe ni ba. Ke da ni ba mu kai nan ba. Ja mana, 'yata."

Ba wanda ya taɓa gaya mini wannan. Ban ma san ya sani ba.

Na ja. Tasa na yi, don ita kaɗai ta rage a kaina. Kai ne Sarki, ni ba kowa ba. Ina yi ina jira in ga ya sandare. Na kai ƙarshe, yana nan yana kallona.

"To, faɗi."

Na faɗa masa duka, ban rage komai ba.

"Shi ke nan? Na ɗauka wani sabon abu ne." Ya gyara kwanciya. "Amma wannan muryar na yi shekaru ina jira? Ta yi tsatsa. Gobe ki sake."

Bai mutu ranar ba. Muka dawo da shi gida, ya ga ƙarshen damina, ya ci sabuwar masara, Alhaji ya samu damar sake sallamarsa. Kowace safiya idan na kawo masa kunu, ko "ga kunu" ba ya bari in ce sai na yi yabo. Ya gyara mini nan, ya kushe can. Shi, da wannan muryar tasa.

Ranar da ya tafi ina wajen igiya ina shanya, bakina cike da maƙalen shanya, ba waƙa nake ba. Sai na ga Malam Sule yana tahowa a hankali, hularsa a hannu. Mutumin da kullum a guje yake kawo labari. Ya tsaya a gabana. Na cire maƙalen na ce, "Malam Sule, lafiya?"

Ya ce, "Maman Rahila, ina jira."

Na ajiye rigar da ke hannuna. Na yi waƙar har ƙarshe, ban tsallake komai ba. Sannan na ce masa ya faɗi.

Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaya nan ya iso. Idan ka aiko mala'ika ya tare shi da albishir, ka ce masa ya yi haƙuri, zai ɗan jira. Ka ba Kawu hutu, ya tsaya a bakin murhu ya isa. Bulus da Rahila suna wurinka, ka nuna masa inda suke. Ni ina nan. Ban gane duk abin da ka yi ba, amma bakina ya buɗe, kada ka bari ya sake rufewa. A cikin sunan Yesu, amin.