Duwatsun da Ba Su Cikin Taswira

Kafin in lalace, direba ne ni a Doha, ina kwana a unguwar Najma ɗaki ɗaya da 'yan'uwa. Dukiyata hoton budurwata Zulai ne a waya, da mafarkin ranar da zan kawo ta ta ga rana tana ɓullowa daga cikin ruwa. Ni ɗan Gumel ne, teku daga gefen titi kawai na san shi.

Kafil ɗina, wato ubangidana, yana da jirgin ruwa na shaƙatawa. Wata rana ya miƙo mini kwamfuta, ya ce in saka masa manhajar taswirar teku, wadda ke nuna zurfin ruwa da wurin duwatsu, a zana hanya a kanta kafin a tashi. Na saka, na haɗa ta da na'urar da ke nuna inda jirgi yake, ta yi aiki. Sai abokansa suka fara nemana.

Manhajar ba wuya. Taswirar ce ake saye, kuma dole a riƙa sabunta ta. Sai na samo tsofaffi na sata, ina sayar da su a matsayin sababbi. Na ce a raina, ruwa ai ruwa ne, me zai canza? Ban damu in san cewa a garin nan cike teku ake yi ba, a zuba duwatsu yau inda jiya babu.

Baba Isaka, dattijo daga Zangon Kumasi, shi ke tuƙa jirgin wani attajiri. Duk Juma'a sai ya ajiye mini shinkafa da wake. Ranar da na saka masa taswirar, ya tsaya a kaina.

"Ɗan Gumel, sabuwa ce ko?"

"Baba, ko amarya ba ta kai ta ba."

Ya yi dariya. "Kai kullum amarya a baki! To khalas, shi ke nan, idona ya yi rauni, ita zan bi."

Ita ya bi. Da safe, cikin hazon teku, jirgin ya hau duwatsun da taswirata ta ce babu. An ceto kowa, ban da shi.

Bincike ya gano taswirata ce sila, aka ɗaure ni. A kurkuku na yi waya da Zulai. Ta ce, "Direba na yi alkawarin jira, ba wanda ya ci abincin mutum ya tura shi ruwa ba."

Da wa'adina ya cika, daga kurkuku filin jirgi aka kai ni. Ta tagar jirgin sama na hango duwatsun, baƙi wuluk, a jere, kowa na iya ganinsu.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara. 'Ya'yansa ba su taɓa ɗaukar wayata ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Ƙannena, idan mutum ya ɗora ransa a kan aikin hannunku ya tambaye ku, ku faɗa masa gaskiya ko da cinikin zai watse. Ni har yau, in aka ajiye mini shinkafa da wake, tashi nake yi.