Kwanon da Kakata Ta Kife

Ruwan farko ya sauka jiya a Kamlin, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini da kakata. Wata shekara, bayan guguwar ƙura ta habub, na ajiye kwano a tsakar gida ya tari ruwan sama don in huta da ɗebo ruwa a tur'a, magudanar ban ruwa. Ta zo ta kife shi.

"Sama ka wanka, ɗiyata. Wa ka shan ruwan wankan wani?"

Na shafa cikin kwanon, yatsana ya fito da jar laka. Yanzu na karanta cewa kowane ɗigo yana kwaso ƙura da hayaƙi kafin ya faɗo. Ita ina ta ji? Kunya ta hana ni tambaya, ga shi ba ta nan. Allah ya sanyaya makwancinta.