Gorubar Kawu a Gaban Fitila

Har yau in na ji warin kananzir, sai in tuna ɗakin Kaka a gidanmu na Nguru, ranar da Kawu ya rufe ƙofa da rana tsaka ya kunna fitila.

Ƙanin mahaifiyata ne, malamin kimiyya a Gashua. Da bazara ya zo hutu, ga zafi, ga labari na cin sa: wai masana sun gano wani tauraro mai kama da ranarmu, da wata ƙatuwar duniya tana kewaya shi. Ya ce ba a ganin ta, sai dai duk sanda ta gifta ta gabansa haskensa yakan ɗan ragu. Ya tara mu yara, ya ɗaura goruba a zare, ya wuce da ita ta gaban fitilar a hankali. Na ga hasken ya dusashe, ya dawo. 

Na buɗe baki zan tambaye shi yadda aka san girman duniyar nan alhali ba a gan ta ba, sai Baffa, wan mahaifina, ya turo ƙofa. Kawu ya soma bayani, yana cewa ai duk halittar Allah ce. Baffa bai bari ya kai ƙarshe ba.

"Malam, a gidan nan ba a rikita wa yara kai."

Kawu baƙo ne a gidan surukai, sai ya hure fitilar. Daga ranar, in ya zo, iyakarsa zaure.

Shekaru na yi da tambayar nan a ciki. Malamanmu suka ce ba za ta fito a jarrabawa ba. Sai da na girma na samu amsar a waya: gwargwadon raguwar hasken, gwargwadon girmanta. Wallahi haushi ya kama ni. Maganar da ba ta wuce numfashi ɗaya ba!

Bara na je Gashua gaishe shi. Ya yi ritaya, yana noman shinkafa a fadama. Na ba shi labarin yanzu an gano irin waɗannan duniyoyi dubbai. Ya dube ni ya ce, "Ashe akwai wanda ya saurara." Daga nan ya koma zancen tsuntsayen da ke cinye masa gona.

'Ya'yana yau ba mai hana su tambaya, amsa kuma tana tafin hannunsu. Na gwada ba su labarin tauraron. Babbar ta ce, "To, Mama," ba ta ko ɗago kai ba.