La'adar Da Aka Mayar Mini Ranar Lahadi

Shekarun baya na karɓi wasu kuɗi a bayan wani shago a nan Jalingo, kuma da ana kwance abin da aka riga aka ɗaura, da wannan zan fara kwancewa. Ba sata na yi ba, ba kuma wanda zai kai ni gaban alƙali a kansu. Amma su suka raba ni da mutumin da ya fi kowa sanina a garin nan.

A lokacin ina sayar da hatsi a kasuwa, muna haya a unguwar Barade, ɗaki biyu a gidan da muke zaune da wasu iyalai. Yara sun fara girma, mai ɗakina kuma ta gaji da layin banɗaki da rigimar igiyar shanya. Na daɗe ina tari, daga baya na sayar da gonar da na gada na haɗa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a ganina babu mai yi mini wayo a lissafi. Wannan ganin ne ya kai ni ya baro.

Abokina kafinta ne, ɗan ƙabilar Mumuye, Kirista. Tun muna samari muke tare. Kullum bayan la'asar zai rufe wurin aikinsa ya zo rumfata, ya hau buhun masara ya zauna, mu ci gyaɗa mu gyara duniya da baki. In Kirsimeti ta zo, ni yake kawo wa kajinsa in yanka, don in ci hankalina kwance. In Sallah ta zo, cinyar ragona tasa ce, ko ban aika ba zai zo ya ɗauka.

Da yake shi ya rufa kwanon gidaje da yawa a garin nan, ya san wanda zai sayar tun kafin dillalai su ji. Da na gaya masa niyyata, sai ya yi dariya ya ce, "Kai da ba ka san bambancin katako mai kyau da wanda gara ta cinye ba? In na bar ka kai kaɗai, kango za su sayar maka, ka dawo kana godiya."

Haka muka yi ta yawo. Wani lokaci ya bar aikin mutane a ƙasa mu hau keke mu je duba gida. Bai taɓa cewa in ba shi ko na ruwa ba, ni ma ban yi tayi ba, domin dukanmu mun san yadda abin yake. A nan la'adar gida ba mutum ɗaya ke cinta ba. Ranar biya ake zama gaban mai unguwa da shaidu, a fitar da la'ada a raba: dillalin da gida ke hannunsa ya ɗauki nasa, duk wanda ya sa ƙafa ya kai mai saye shi ma a ba shi rabonsa a gaban kowa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ko yaro ya sani.

A unguwar Abbare muka samu gidan. Ɗaki huɗu, da rijiya, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Abokina ya nemi tsani ya shiga cikin silin, ya fito kansa duk yanar gizo-gizo.

"Wannan ka saya," in ji shi. "Katako ɗaya ne ya ruɓe ta wajen gabas, ni zan canza maka. Amma ka sani, kujerata a ƙarƙashin mangwaron nan take."

Na ce, "Sai ka biya haya."

Ya ce, "Mai hatsi ke nan. Ko inuwa sai ka auna ta a mudu."

Dillalin da gidan ke hannunsa yana tsaye yana dariya tare da mu. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a rumfata da hantsi, lokacin da ya san abokina yana wurin aiki. Ya gaishe ni har da rusunawa, yana ta kirana Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na ji daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Ya rage murya ya ce, "Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. In ka zo biya kai kaɗai, ba tare da kafintan nan ba, zan mayar maka da wani abu mai kauri daga cikin la'adarka. Yanzu haka ake yi a manyan garuruwa. Kuɗinka ne fa, me zai sa ka watsar?"

Ban tambaye shi daga ina zai ciro abin da zai mayar mini ba. Ban tambaya ba ne domin na sani. Sai na shiga lallashin kaina: ai abokina ba dillali ba ne, ai don zumunci ya yi, ai ga kuɗin fenti da na kwashe kaya suna jirana. In mutum yana son abu, hujja ba ta yi masa wuya.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, ba dillalin ne ya zaɓi ranar ba. Ni na zaɓa. Na ce a yi Lahadi da safe, domin na san inda abokina yake kasancewa kowace Lahadi da safe.

Aka zauna a zauren mai unguwa, aka biya, aka sa hannu, aka raba goro. Mai unguwa ya duba hagu ya duba dama ya ce, "Ina kafintan da nake ganinku tare?"

Na ce, "Yana coci, ranka ya daɗe."

Gaskiya na faɗa, amma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan gaskiyar muni ba. Da aka watse, dillalin ya ja ni bayan wani shago ya danƙa mini kuɗin a baƙar leda. Ko daga nan ya kamata in gane, abin da yake halalina ba a bayan shago za a ba ni shi ba.

Washegari bayan la'asar abokina ya zo rumfa kamar kullum, amma bai hau buhu ba. Ya tsaya daga bakin rumfa ya ce, "Na ji an yi. Allah ya sa a shiga a sa'a." Na fara kame-kame, wai mai gidan ne ya matsa, wai tafiya ce ta taso masa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ba komai," ya wuce.

Katakon nan da ya yi alkawari bai fasa ba. Ya zo da kayan aikinsa ya canza shi, ya sauko ya kakkaɓe wandonsa, sannan ya gaya mini kuɗin aikinsa. Tun da muke bai taɓa yi mini ciniki ba sai ranar. Na biya, ya ƙirga a gabana kamar yadda ake yi wa baƙo, ya yi godiya ya tafi.

Mai ɗakina ce ta lura. Ta tsare ni da tambaya har na faɗa mata. Sai ta ce, "Malam, mutumin da ya ɗauki ɗanmu a kafaɗa zuwa asibiti? Tashi ka kai masa."

Na kai masa har wurin aikinsa, na tarar yana fere ƙofa. Na ajiye ledar a kan bencinsa. Ya dube ta, bai taɓa ba.

Ya ce, "Ka ɗauka kuɗin ne? A bakin mai shayi na ji cewa abokina ya sayi gida. Mai shayi! Yana tambayata nawa aka ba ni, mutane suna kallona." Ya ajiye abin ferewar. "La'ada a gaban mutane ake ba da ita, don a san ƙafar mutum ta yi aiki. Wannan da ka kawo a leda sadaka ce. Ni kuwa hannuna yana aiki tukuna."

Na ce, "Ka yi haƙuri."

Ya ce, "Na yi. Amma sai da ka jira na shiga coci."

Na ɗauki ledata na fito.

Ba mu yi faɗa ba. In mun haɗu a hanya muna gaisawa, har mu tambayi iyali. Sai dai bai ƙara zama a rumfata ba, ni kuma kunya ta hana ni zuwa wurinsa. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in koma wurin mai unguwa, in tara mutanen nan da suka ci goro, in faɗi abin da na yi, in ba shi haƙƙinsa a gabansu. Girman kai ya hana. Na yi ta cewa bari ƙura ta lafa. Da ƙarfinsa ya ragu, ya koma garin Mutum Biyu wurin ɗansa da ke noma a can. Mota ɗaya ce daga nan, na yi ta cewa bayan girbi, bayan Sallah. Labarin rasuwarsa ma sai bayan an binne shi ya iso ni, domin babu wanda ya ga dalilin sanar da ni da wuri.

Kuɗin kuwa ƙofar ƙarfe na saya da su na sa wa gidan, babba, mai kyau. Yanzu mai ɗakina ta riga mu gidan gaskiya, yara kowa ya kama gabansa, sai waya. Ina iya wuni ban ji an ƙwanƙwasa ƙofar nan ba. Maƙwabtana mutanen kirki ne, muna gaisawa, amma sun san ni ne a matsayin dattijo mai gida. Babu wanda ya san ni ina saurayi, babu mai ce mini ƙarya nake yi in na fara cika baki. Ashe mutum yana kewar mai zolayarsa fiye da mai girmama shi.

Ina jin yanzu abin ya zama ruwan dare, dillalai suna mayar wa mai saye wani abu don su ja ciniki. Ban ce haramun ne ba. In daga rabonsa ya yanka, ku karɓa, ku sayi siminti. Roƙona ɗaya ne gare ku, musamman ku matasa da kuke tarin kuɗin gida: kafin ku miƙa hannu, ku tambaye shi daga rabon wa ya ciro. In ya ce sai kun zo ku kaɗai, to kun ji amsar. Don Allah kada ku je ku kaɗai.